Maƙwabtana Amurkawa a Jamus: ga amsoshin tambayoyin da kuka ishe ni da su

Tun ranar da bakina ya suɓuce a gidan sunan ƙanwata a Zariya na ce maƙwabtana a nan Bonn Amurkawa ne, kuma har kuka na taɓa ganin matar tana yi a gaban bola, shikenan na jawo wa kaina. Wannan ta kira waya, wancan ya turo saƙo, Yaya Babba ma da ba ruwansa da zancen mata sai da ya ce wai da gaske Ba'amurke na wahala a ƙasar Turawa 'yan uwansa? Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na tattara tambayoyin wuri guda. Bazan faɗi sunansu ba, yarana Anti Amurka suke ce mata, mijin kuma Abbansu ya sa masa Oga Texas, haka za mu ci gaba da kiransu. Kuma na nemi izininta, dariya ta yi ta ce in rubuta har da ƙonewar kek ɗin.

Su waye, me ya kawo su Jamus?

Mata da miji ne da yara biyu lokacin da suka zo a watan Agustan 2022, namiji ɗan shekara 9 da mace 'yar shekara 6, yanzu sun zama uku dan ta haihu a nan. Shi ɗan Texas ne, ita 'yar Kalifoniya, ku riƙe wannan zai yi amfani in mun zo maganar mota. Aiki ne ya kawo shi, wani kamfani ya ɗauke shi. Ba soja ba ne, dan na san da an ce Ba'amurke a Jamus tunanin mutane soja, kuma da gaskiyarsu, sojojin Amurka sun haura 30,000 a ƙasar nan, da yawansu a wajejen Ramstein da Kaiserslautern, amma su waɗancan duniyarsu daban, suna da kantunansu da makarantunsu a cikin bariki, da dala ma suke sayayya. Maƙwabtana kuwa tsundum aka jefo su cikin gari kamar yadda aka jefo mu.

Bonn ma ba baƙon Amurkawa ba ne. Nan ne babban birnin Jamus ta Yamma daga 1949, sai a 1999 gwamnati ta tattara ta koma Berlin, kuma a Plittersdorf akwai unguwa guda da aka gina wa ma'aikatan Amurka a farkon shekarun 1950, har da ɗan cocinsu mai farin hasumiya yana nan har yau.

Su ma sai da suka sha wahalar biza irin tamu?

A'a, kuma nan ne farkon bambanci. Mai fasfon Amurka jirgi kawai zai hau ya sauka, yana da kwana 90, kuma doka ta ba shi dama ya nemi takardar zama yana cikin ƙasar. Su da 'yan Kanada da Japan da Ostareliya da wasu 'yan ƙasashe kaɗan aka yi wa wannan gata. Ni kuwa wata nawa na yi ina jiran a kira ni kafin in biyo Abbansu, har an fara min kallon ko an fasa auren ne.

Amma da sun shigo layi ɗaya muke bi. Cikin sati biyu da tarewa dole ka je ka yi rajistar adireshinka, Anmeldung ake ce masa, da takardar da mai gidan haya ya sa wa hannu, in babu wannan rajistar komai tsayawa yake, lambar haraji, makarantar yara, har wasu bankunan. Kuma komai da wasiƙa yake zuwa, wasiƙar takarda fa ta gidan waya. Gidajen nan ba lambar ɗaki ake bi ba, suna ake bi, in sunanka baya jikin akwatin wasiƙa mai kawowa juyawa zai yi da ita. Sati uku suna jiran wasiƙu shiru, ashe ba su manna sunansu ba, Abbansu ne ya lura ya yanko takarda ya rubuta musu da biro ya liƙa da salatif. Wannan ne mafarin zumuncinmu.

Wai da gaske gidan haya babu kicin?

Wallahi da gaske. Ɗakin kicin ɗin yana nan, amma fayau, bututun ruwa biyu ne suka leƙo daga bango sai tayil, ba sinki ba kabad ba murhu. Bajamushe in zai tashi da kicin ɗinsa yake tashi kamar yadda amarya ke kwashe jerenta. Saman ɗaki ma wayoyi ne ke reto ba kwan fitila. Ita kuma ta taso inda gidan haya da firij da murhu da sif ɗin kaya a jikin bango ake ba ka shi, ta ce da ta shiga ta zaci ɓarayi ne suka yi musu sata kafin su iso. Kusan wata biyu a bahon wanka take wanke-wanke kafin a zo a haɗa musu kicin, girki kuma a 'yar karamar hita mai kai biyu da na ara mata.

Sai kuɗin ajiya, wanda doka ta ce kada ya wuce hayar wata uku, sai kuɗin ruwa da ɗumama ɗaki da kwasar shara da ake lissafawa daban, ƙarshen shekara a turo maka takarda ko a maido maka canji ko ka cika. Ba AC, ba ragar sauro a taga, firij ɗin da ya shiga wurin kuma ta ce a garinsu irinsa ɗalibi ke ajewa a ɗakin makaranta. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne mai gidan ya zauna ya yi mata darasi a kan buɗe taga, wai safe da yamma a wangale tagogi na 'yan mintuna ko da ƙanƙara ake, in ba haka ba bango ya yi funfuna kuma laifinki ne. Ni ma an min wannan darasin, yanzu ni ke yi wa wasu.

Kayan da suka kwaso daga Amurka sun yi aiki?

Wasu. Wutar Amurka 120 ce, ta nan 230 kamar tamu ta gida, bakin soket ma daban. Waya da kwamfuta ba matsala, kan fulogi kawai zaka canja, amma injin kwaɓa fulawarta da ta ce kyautar aure ce daga kakarta, tana jonawa ya yi ƙara ya yi hayaƙi ya ce ga garinku nan.

Ma'auni kuma sai da ya kusa zautar da ita. Takardar girkinta ta ce a gasa kek a 350, ta duba obin ta ga lambarsa a 250 ta ƙare, sai ta murɗa har ƙarshe ta ce ai ko bai kai ba ya kusa. 350 ɗinsu wajen 175 ne a ma'aunin nan. Gawayi ta fitar. Mil ya koma kilomita, galan ya koma lita, kwanan wata ma a juye, su wata suke fara rubutawa kafin rana, aka ba ta Termin, wato ranar ganawa, 03.04 wato 3 ga Afrilu, ta shirya tsaf ta tafi ranar 4 ga Maris. In Bajamushe ya ce halb drei kuma ba uku da rabi yake nufi ba, biyu da rabi ne, wannan kam ni ma ya taɓa cin ni.

To kukan gaban bola fa?

Yauwa, na san shi kuke jira. A nan shara ba a haɗa ta. Robobi da gwangwani da ledar kaya wurinsu daban mai ruwan ɗorawa, takarda da kwali a shuɗiya, ɓawon kayan miya da ragowar abinci daban, sauran tarkace a baƙa, kwalabe kuma sai ka ɗauka ka kai wasu manyan randuna a bakin titi ka raba fara da koriya da mai ruwan ƙasa, shi ma ba ranar Lahadi ba ba da dare ba saboda ƙara. Kowace kala da ranar da ake zuwa kwasarta, akwai kalanda.

A satinsu na biyar ta haɗa komai a leda ɗaya ta jefa a ta takarda, washegari ta tarar an ciro ledar an aje mata a ƙofar ɗaki da 'yar takarda an rubuta da Jamusanci ba suna. Na sauko da tawa sharar na same ta tsaye da ledar a hannu ɗaya waya a ɗaya tana fassara takardar, hawaye shaɓe-shaɓe. Ba sharar ce ta sa ta kuka ba, ku ma kun sani. Mace ce da ta yi shekara goma sha tana aikin jinya a asibiti, tana ba wasu umarni, yau ga ta ba ta iya zubar da shara ba. Na gane saboda ni a gaban injin sayar da tikitin jirgi na yi nawa kukan shekarun baya. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Na karɓi ledar muka zazzage a ƙasa muka tsince ɗaya bayan ɗaya, daga nan na ja ta sama na dafa mata shayi mai citta da kanumfari, ta sha tana tari tana cewa a ƙara.

Cefane fa?

Lahadi duk kantuna a rufe suke, in ka cire gidan mai da gidan burodi da safe da 'yan shagunan babbar tashar jirgi. Su da suka saba da kantin da baya rufewa, Lahadinsu ta farko taliya da man zaitun suka ci. Keken zuba kaya sai ka sa masa kwandala, leda sai ka saya, kashiya a zaune take tana wurgo kaya kamar ana binta bashi kuma kai zaka tattara abinka, ba mai zuba maka. Robar ruwa da gwangwanin lemo akwai senti 25 a kan kowanne, Pfand, in ka maida wa inji ya ba ka rasit, wata guda tana zubar da kuɗi a bola ba ta sani ba, yanzu ɗanta ne ya riƙe wannan sana'ar kuma baya yafe ko ɗaya.

Abin da ta yaba, farashin da ka gani a jiki shi zaka biya, harajin na ciki, ba kamar can da sai ka zo biya a ɗora maka ba. Abin da har yau take mita, gidan abinci ba a ba ka ruwa kyauta, in ka ce ruwa ma mai gas za a kawo, kuma ba ƙanƙara.

Yaran wace makaranta suke? Ba ta koya musu a gida?

Ta so hakan, dan a Amurka duk jihohi 50 an yarda uwa ta koyar da 'ya'yanta a gida, ta ce bari su yi shekara guda a gabanta har su saba. Aka ce mata a Jamus wannan laifi ne, yaro dole ya je makaranta da ƙafarsa, kai ko kwana biyu ka ɗauke shi kafin hutu dan tikitin jirgi ya fi araha ana iya cin tararka. Akwai makarantar Turanci ta 'ya'yan baƙi a garin, amma kuɗinta sai wanda kamfani ke biya wa, nasu kuma bai ɗauki wannan ba. Sai ta gwamnati, kyauta, Jamusanci zalla.

Ƙaramar ta dace, dan shekarar shiga aji ɗaya ta zo, ranar farko kowane yaro da wani ƙaton kwali mai siffar mazurari cike da alewa da fensir, Schultüte, ni na gaya mata saura kwana biyu muka zauna muka naɗa da hannu, da yarinyar ta je hannu rabbana cikin yara. Wata shida yarinyar nan ta fara gyara wa uwarta magana. Babban shi ya sha wuya, dan a jiharmu firamare aji huɗu ce kawai, daga nan a raba yara, masu zuwa Gymnasium da ke kaiwa jami'a kai tsaye da masu zuwa sauran makarantu, yaro ɗan shekara 10 fa. Shi kuma ya zo ko gaisuwa bai iya ba. Shawarar da malamar ta bayar ita ce ya koma baya da aji ɗaya, uwar ta yi kwana uku ba ta yi barci ba tana ganin an ci mutuncin ɗanta, na ce mata Anti, shekara ɗaya a rayuwar yaro mene ne, nawa ma ya maimaita kuma ga shi nan ba abin da ya ragu a jikinsa. Ta yarda da ƙyar. Yanzu ita ke ba sabbin zuwa wannan shawarar kamar ita ta ƙirƙiro ta.

Amma abin da ya fi tsorata ta ba karatu ba ne, tafiya ce. Babu motar makaranta mai ruwan ɗorawa irin ta fim, yara 'yan shekara 6 da 7 su ke tafiya da ƙafarsu da ƙatuwar jaka a baya, su tsallaka titi su dawo. Ta ce a inda ta fito in aka ga yaro ƙarami shi kaɗai a titi wani zai iya kiran 'yan sanda. Sati biyu tana bin 'yarta a baya tana laɓewa a bayan motoci, har wata tsohuwa ta tsare ta tana tambayar me take nema da yaran mutane. Ni dariya na yi ta yi, mu da aka aika sayen ƙuli da manja tun ba mu iya ƙirga canji ba. Wata rana kuma ta ce min abu ɗaya da ba ta kewa shi ne atisayen da ake sa yara a makarantunsu, na yadda za su ɓuya a aji in ɗan bindiga ya shigo. Ta faɗa tana wanke kofi kamar ba komai ba. Ban ce uffan ba, mu ma muna da namu tabon a kan makarantu da 'yan bindiga, kowa ya san shi.

Sun iya Jamusanci yanzu?

Yaran kamar a nan aka haife su. Ita ta yi kwas ɗin nan na baƙi, awa 600 na yare da 100 na sanin ƙasa, ta ci jarabawar B1 ta matsakaicin matakin Jamusanci, a aji ɗaya da 'yan Siriya da Yukiren da Turkiyya, ta ce karon farko kenan a rayuwarta da ta zama ita ce ta baya a aji. Oga Texas kuwa sai a hankali, a ofis Turanci ake yi, a titi da ya buɗe baki aka ji harshensa sai a juya masa zuwa Turanci. Ni ba wanda ya taɓa min wannan alfarmar, shi ya sa na fi shi iyawa nesa ba kusa ba. Wani gatan cuta ne.

Mota fa, ai su da mota kamar kifi da ruwa?

Lasisin waje wata shida yake aiki. Bayan nan ga inda abin dariyar yake, Jamus ba da Amurka gaba ɗaya ta yi yarjejeniya ba, jiha-jiha ta bi. Na Texas ana musanya shi ba jarabawa, na Kalifoniya kuwa babu wannan, haka na New York. Shi ya miƙa takarda aka ba shi, ita da ta fi shi iya tuƙi sai da ta zauna jarabawar rubutu da ta hanya, ta faɗi ta farko saboda a mahaɗar da ba alama na hannun dama ke da hanya ita kuma ta wuce abinta. Har yau in suna faɗa sai ta tayar da maganar.

Mota ɗaya gare su yanzu maimakon biyu, mai ya fi na can tsada sosai. Shi da keke yake bin bakin kogin Rhein zuwa aiki, ita kuma tikitin wata take saye, wanda ya fara a Yuro 49 a watan Mayun 2023 daga baya aka ƙara masa kuɗi, da shi zaka hau bas da ƙananan jiragen ƙasa ko'ina a ƙasar.

Asibiti da haihuwa?

Nan ne bakinta ya mutu. Inshorar lafiya dole ce, daga albashi ake cira, kuma ta gwamnati tana ɗauke da mata da yara ba ƙarin ko sisi in matar ba ta aiki. Da ɗanta ya karye a hannu aka kira 112, ba 911 ba, motar asibiti ta zo, ita tana cikin motar tana lissafin dala dubu nawa za a caje su. Wata biyu tana jiran bil. Ta haihu a 2024, ungozoma ta dinga zuwa gida tana duba ta da jaririyar inshora na biya, ni kuma na ɗauki nauyin kunun kanwa da farfesu, wankan jego ne dai ta ce in yi mata rai. Oga Texas ya ɗauki hutun haihuwa wata biyu gwamnati na ba shi wani kaso na albashinsa, ya ce a can dokar tarayya ta 1993 sati 12 ta bayar kuma ba biya, hutun shekara ma babu dokar tarayya da ta tilasta, nan kuwa mafi ƙaranci kwana 20 ne, shi 30 yake da. Ga kuɗin yara da ake ba kowane yaro duk wata, Yuro 250 da 'yan kai.

Ƙorafinta ɗaya, likitan nan in ka je da mura shayi da hutu zai rubuta maka, kuma ko maganin ciwon kai sai a kemis, ba a sayar da shi a kantin cefane. Duk wanda zai zo daga Amurka sai ta yi masa sautun ƙatuwar robar magani, kamar yadda nake sautun daddawa da kuka.

Jaririyar ta zama Bajamushiya kenan?

A'a. Ba kamar Amurka ba ce da in an haife ka a ƙasar ka zama ɗan ƙasa. A nan sai ɗaya daga iyayen ya yi shekara biyar da zama bisa ƙa'ida kuma yana da izinin zama na dindindin, da ma takwas ne aka rage a 2024. Frankfurt suka kai ta ƙaramin ofishin jakadancinsu aka yi mata takardar haihuwa da fasfon Amurka.

Wai har yanzu suna biyan Amurka haraji?

Cike takardar dai dole ne duk shekara, ko a duniyar wata Ba'amurke yake zaune. Amurka na bin ɗan ƙasarta da haraji saboda fasfo ba saboda inda yake zaune ba, Eritiriya ce kawai ake ambata da irin wannan. Yawanci ba sa biyan komai a ƙarshe dan harajin Jamus ya fi yawa kuma ana cire musu shi, amma sai sun biya mai lissafi ya cike musu. In kuɗin da ke asusunsu na waje ya haura dala 10,000 ko na rana ɗaya ne sai sun kai rahoto. Ga wata doka ta 2010, FATCA, da ta sa bankunan duniya kai bayanan Amurkawa, shi ya sa wani bankin da ya ga shuɗin fasfo sai ya fara noƙewa, akwai wanda ya ƙi buɗe masa asusun saka jari ƙiri-ƙiri. Ranar Abbansu har da tafi, wai yau ga inda koren fasfo ya yi rana.

Wani abin kuma, ranar rajista an tambaye su addini ya faɗi cocinsu da zuciya ɗaya, sai da aka yi ta bincike ko za a ɗora masa harajin coci, kashi 9 cikin 100 na harajinsa a jiharmu, wanda ake cirar wa 'yan Katolika da 'yan babban cocin Furotesta. Kuɗin rediyo da talabijin kuwa Yuro 18.36 duk wata kowane gida, ko ba ka da talabijin, wannan ba Ba'amurke ba Bahaushe.

Ya suke da Jamusawan gidan?

Da farko ba daɗi. Daga 10 na dare zuwa 6 na safe ba hayaniya, Lahadi kuma yini guda, shi kuwa Oga Texas ranar Lahadi ya ga ya dace ya huda bango ya rataye hotuna. Muryarsu ma Allah ya ba su, in suna hira a bas kowa sai ya san abin da suka ci jiya.

Amma a gaisuwa na gano mu da Amurkawa 'yan uwa ne. Su ma suna tambayar ya kake ba dan suna son jin amsa ba, kamar yadda za a ce ina gajiya ka ce ba gajiya alhali kana jin kamar ka faɗi. Bajamushe kuwa in ka tambaye shi ya yake, ko ya kalle ka da mamaki ko ya tsaya ya ba ka labarin ciwon gwiwarsa tun daga farko. Ita tana yi wa kowa murmushi a matakala ana kallonta kamar ta zauce, ta zaci tsanarta aka yi. Tsohuwar da ke ƙasa da su, wadda muke kyautata zaton ita ta aje takardar sharar nan, shekara biyu suna gaisuwar nesa da Sie, wato 'ku' na girmamawa, ran nan ta hau da kek ta ce daga yau su dinga ce wa juna du, wato 'ke' na sabo. Yanzu makullin gidansu ma a hannunta yake in sun yi tafiya.

Tsakani da Allah, ana fifita su a kanku?

Ana yi. Ba zan rufe ku ba dan ƙawata ce. Su farare ne masu fasfon Amurka, in suka yi kuskure abin dariya ne, in mu muka yi irinsa sai a ce dama haka suke. Su ana ce musu ekspat, wato ƙwararrun da aiki ya kawo, mu baƙin haure ko da da takardunmu muka shigo ta ƙofa. Neman gida wata uku ya ɗauke su suna ta kuka da shi, mu shekara guda da rabi, kuma sau nawa ana jin sunan Abbansu a waya a ce an riga an bayar. Ban taɓa ganin an bi ta da kallo a kanti ba, ni da mayafina na saba.

Abin da zan faɗa a kanta shi ne da na gaya mata ba ta ce min ai ba haka ba ne, ba ta kuma fara ba ni labarin yadda ita ma ta sha wuya ba, shiru ta yi. Da za mu sake gida ita ta bi Abbansu ganin gidaje har uku, ta tsaya a gefensa tana zuba Turanci da murmushin nan nata. A na ukun aka ba mu. Na ji daɗi kuma na ji haushi, duka biyun, har yau ban raba su ba.

Kuna cin abincinsu? Ba naman alade?

Kiristoci ne masu zuwa coci, kuma tun farko na gaya mata abin da ba ma ci. In za ta gayyace mu shagon Turkawa take zuwa sayen nama, har alewar yara sai ta juya bayan leda ta duba ko da gelatin ɗin alade, a garin da aka kafa kamfanin alewa na Haribo a 1920 kuwa wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Da azumi ba ta aiko yaranta da abinci a hannu. Da Sallah ina kai musu waina da miyar taushe, Oga Texas kuma ya ɗau kilishi ya ce ɗan uwan wani busasshen naman garinsu ne, na ce ya dai yi hankali da bakinsa.

Ba sa kewar gida?

Sosai, kuma watan Nuwamba ya fi tsanani, ƙarfe huɗu da rabi duhu ya yi, sama kamar an kifa tukunya, ga bikinsu na godiya da suke yi Alhamis ta huɗu a watan, wanda a nan ranar aiki ce kamar kowace. Sai su ɗaga zuwa Asabar, kamar yadda muke yi in Sallah ta faɗo Talata. Shekarar farko ta yi odar talo-talo ya zo ya ƙi shiga obin, sai da Abbansu ya sa wuƙa ya raba shi biyu aka gasa rabi a nasu rabi a namu. Tsakaninsu da Texas awa 7 ne, in yara sun tashi kakanni na barci, in kakanni sun samu sarari yara sun kwanta, sai Lahadi ake haɗuwa a waya. Da mahaifinta ya kwanta asibiti tana nan tana duba kuɗin jirgi tana ajewa tana sake dubawa. Wannan ba sai na yi wa kowa bayani ba a cikinmu.

Za su koma?

Kwantiraginsa na shekara uku ne da farko, an sabunta. In ka tambaye shi zai ce nan da shekara biyu, ita kuma ta ce sai babban ya gama makaranta, ta ma fara bin hanyar a amince da takardunta na jinya dan ta koma aiki. Bara da suka je hutu Texas ƙaramar ta tsaya a kicin ɗin kakarta da robar lemo a hannu tana tambayar ina ake maida wannan a karɓi kuɗi, da aka ce ta jefa a bola kawai ta ƙi, ta sa a jakarta. Guda huɗu uwar ta tarar a akwati da suka dawo, kuma injin nan bai karɓi ko ɗaya ba.